Gajeren hannu yana hana ɗan katanga shiga NFL?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai son ƙwallon Amurka ne, har dare nake rabawa ina kallon babbar gasarta, NFL. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 2025 na ga New England Patriots ta ɗauki Will Campbell na jami'ar LSU a lamba ta 4, alhali kafin nan an yi ta surutu cewa hannunsa gajere ne. Mutumin da ba ya jifa, ba ya cafe ƙwallo, ba ya cin maki, da me ake auna shi tun yana jami'a har a san zai iya? Kuma da gaske tsawon hannu yana da wannan muhimmanci? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka taɓo gurbin da ya fi kowane wuyar aunawa a wasan nan. Mai jifa yana da lissafin yadin da ya jefa, mai gudu da ƙwallo yana da nasa, amma ƙarti biyar ɗin nan da ke duƙe a gaba, 'yan katanga, ba a jin lambar rigarsu a bakin alƙalin wasa sai sun yi laifi. Santa a tsakiya shi ke miƙa ƙwallo, gad biyu na gefensa, takul biyu a bakin katangar. Aikinsu su tare masu kawo hari har mai jifa ya samu daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku da yake buƙata, su kuma buɗe wa mai gudu hanya.

Mu fara da hannun, tunda shi ya dame ka. A babban gwajin da ake yi wa 'yan jami'a kowace shekara a Indiyanapolis, an auna hannun Campbell inci 32 da 5/8. Da aka sake aunawa a harabar LSU sai aka samu 33. Wannan ɗan bambancin da bai kai rabin inci ba shi aka yi ta ce-ce-ku-ce a kai, domin ƙungiyoyi da yawa ba sa son hannun takul ya gaza inci 33, wasu ma 34 suke nema. Suna da hujja. Takul shi kaɗai yake a gefe, fili ne a gefensa na waje, kuma wanda ya riga ɗora hannu a ƙirjin ɗan'uwansa shi ke juya shi yadda yake so. Mai kawo hari irin Myles Garrett hannunsa ya wuce inci 35, zai iya taɓa ka kai ba ka taɓa shi ba.

Amma abin da tsawon hannu ke gaya maka shi ne inda mutum zai tsaya a katangar, ba wai ko ya iya ko bai iya ba. Zack Martin takul ne a jami'ar Notre Dame, Dallas Cowboys ta ɗauke shi a 2014 ta mayar da shi gad, ya zama ɗaya daga cikin gwanayen zamaninsa. Haka Tennessee Titans ta yi wa Peter Skoronski a 2023. Shi kuwa Rashawn Slater, da inci 33 ɗinsa, Chargers ta bar shi a takul na hagu a 2021, kuma tun shekararsa ta farko aka zaɓe shi cikin taurarin gasar. Abin da ya sa batun Campbell ya yi zafi shi ne lambar: takul na hagu ya fi gad tsada a kasuwa, don haka wanda zai kashe lamba ta 4 yana so ya tabbata takul ya saya.

Ni in aka ba ni bidiyon yaro, ƙafarsa da ƙugunsa nake fara kallo. Nakan nemi wasan da suka buga a gidan abokan hamayya, cikin ihun 'yan kallo, a yunƙuri na uku cikin huɗun da ake ba ƙungiya ta ci yadi goma, da sauran yadi takwas ko goma, lokacin da kowa a filin ya san jifa za a yi. Sai in rage gudun hoton. Ƙwallo na motsawa, ƙafarsa ta waje za ta yi baya, ta ciki ta bi ta, ba tare da sun haɗu ba. Gwiwa a lanƙwashe, ƙirji a miƙe, hannuwa a ɗane kusa da jiki suna jira. Wanda ke lanƙwasa gwiwa daban yake da wanda ke sunkuyawa daga ƙugu. Mai sunkuyawa kansa yana wuce yatsun ƙafarsa, nauyinsa duk ya tafi gaba, kuma a NFL da zarar an gane haka sai a fizgo rigarsa ya kifa da kansa. Duk wanda ya taɓa zama a filin kokawa ya san wannan: ba mai ƙiba ke kayarwa ba, wanda ya shiga ƙarƙashin ɗan'uwansa ya riƙe ƙasa da ƙafarsa shi ke kayarwa. Shi ya sa masu farautar 'yan wasa ke murna in suka ji yaro ya yi kokawa a sakandare. Tristan Wirfs zakaran kokawa ne na jihar Iowa kafin Tampa Bay Buccaneers ta ɗauke shi a 2020, kuma a shekarar farko ya ci kofin Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar NFL, yana takul ɗinta na dama.

Sai abin da na fi ba maki a kai: me yake yi bayan an riga an ci shi? Kowa ana cinsa a matakin farko wani lokaci. Ka ga an doke hannunsa, ko an banko shi da ƙirji ya yi baya taku biyu. Shin yana sauke ƙugu, ya kafa duga-dugai, ya sake cusa hannu ciki ya tsayar da mutumin? Ko kuwa yana rungumo shi ne alƙali ya jefa tutar laifi? Dabarar hannu koci zai iya koya masa cikin shekara ɗaya ko biyu. Wannan farfaɗowar kuwa daga sassaucin idon sawu da ƙugu take fitowa, kuma ba kasafai ake koya wa ƙaton da ya haura kilo 140 ita ba.

A yi hattara da tsarin wasan jami'a, yana ɓoye aibi. A can doka ta yarda ɗan katanga ya kutsa gaba har yadi 3 kafin a jefa ƙwallo, a NFL yadi 1 ne kawai. Makarantu da yawa sun gina wasansu a kan jifa mai sauri, ƙwallo ta bar hannu kafin mai hari ya iso. Sai ka ji an ce yaro ya shekara ba a kayar da mai jifansa ta gefensa ba, amma in ka tace, lokutan da aka bar shi shi kaɗai da abokin karawa na gaske ba su taka kara sun karya ba. Su waɗannan kaɗan ɗin ake kallo. A nan Campbell yake da abin nunawa: tun shekararsa ta farko, 2022, yake takul na hagu a LSU, ya yi kaka uku a rukunin jami'o'i na SEC inda ake fuskantar waɗanda gobe za a sake haɗuwa da su a NFL. 'Yan ƙananan makarantu kuwa sai sun je Senior Bowl a garin Mobile na jihar Alabama an gwada su ɗaya da ɗaya.

Alƙaluman Indiyanapolis suna da amfani, amma ba su kai yadda talabijin ke zuzuta su ba. A 2018 Orlando Brown na jami'ar Oklahoma ya ɗaga ƙarfe mai nauyin kilo 102 sau 14 kacal, ya yi gudun yadi 40 a daƙiƙa 5.85. Ya zame har zagaye na uku na zaɓen kafin Baltimore Ravens ta ɗauke shi, daga baya ya ci Super Bowl da Kansas City Chiefs. Bidiyonsa na jami'a ya riga ya nuna ya iya, gwajin ne ya tsorata mutane. A ɗaya gefen akwai Tony Mandarich, wanda jikinsa ya ruɗi Green Bay Packers ta ɗauke shi a lamba ta 2 a 1989, gaban Barry Sanders da Derrick Thomas da Deion Sanders. Bai yi abin a zo a gani a can ba, kuma daga baya ya amsa da bakinsa cewa ya yi amfani da magungunan ƙara ƙarfi. In zan duba lamba, ta yadi goman farko da ta gwajin sauya alkibla nake dubawa, domin ɗan katanga ba ya gudun yadi 40 a miƙe.

Binciken likita ma yana juya zaɓe. Trey Smith na jami'ar Tennessee ya faɗo har zagaye na shida a 2021 saboda daskarewar jini da aka taɓa samu a huhunsa, Chiefs ta ɗauke shi ta samu gad na gaske. Kociyoyi kuma suna sa yaro a gaban allo su ga ko zai gane wanda zai tare in masu hari biyu suka yi musayar hanya, abin da ya fi muhimmanci ga santa.

Game da Campbell, a ganina Patriots ba ta yi ganganci ba. Ƙafarsa da shekaru ukun da ya yi a SEC sun isa a gwada shi a takul, in ta ƙi kuma gurbin gad yana nan. In kana son ka yanke naka hukuncin, ka daina bin ƙwallo da ido a wasansu, ka tsaya a kansa, musamman kafaɗarsa ta ciki. Takul mai gajeren hannu yakan yi saurin fita waje don ya riga mai hari isa kwana, sai ya bar rata tsakaninsa da gad. In ka ga ana yawan shigo masa ta nan, to hannun ya fara cin sa.