Annobar awaki da tumaki: amsoshin likitan dabbobi

Tambaya: Likita, na sayo akuya a kasuwar Marwa. Bayan kwana biyar ta fara majina da zawo, yanzu garken duk ya kama, ƙananan suna mutuwa. Mene ne wannan?

Amsa: Malam, buɗe bakinta ka duba dasashi. In akwai gyambo mai saɓa fari-fari, ido ya manne da kwantsa, zafin jiki ya kai digiri 40 zuwa 41, da alama PPR ce, wato annobar awaki da tumaki. Takan yi kwana 4 zuwa 6 a ɓoye, shi ya sa ka gan ta garau a kasuwa. Bairos ce, babu allurar da ke kashe ta. Ware masu ciwon, ka raba musu wurin shan ruwa, ka ba su ruwan gishiri da sukari, ka riƙa goge musu hanci da ruwan ɗumi. Allurar oxytetracycline mai dogon aiki, mai ƙarfin kashi 20 cikin 100, mil 1 ga kowane kilo 10, ciwon huhun da ke biyo baya kawai take tarewa. Sanar da ofishin dabbobi, kuma kada ka kai sauran kasuwa. Nan gaba, duk sabuwar dabba ta yi kwana 21 a keɓe.

Tambaya: Daga Kusiri nake. An ce dangin ƙyanda ce. Yarana za su ɗauka?

Amsa: Hajiya, dangi ɗaya ne da ƙyanda da bushiyar shanu, wadda aka tabbatar an kawar a 2011. Amma wannan ba ta kama mutum. Sai dai dabbar da aka yi wa allura, kada a yanka ta sai kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika.

Tambaya: An yi wa tumakina rigakafi, duk da haka sun kamu. Ko maganin jabu ne?

Amsa: Sau da yawa rana ce ta kashe shi. Rigakafin, irin wanda LANAVET, cibiyar haɗa rigakafin dabbobi ta Kamaru, ke yi a Garwa, mai rai ne. Cikin ƙanƙara ake ɗaukarsa, kuma da an haɗa shi da ruwansa a ƙarar cikin awa 2. Kwalbar da ta wuni a aljihun mai babur ba ta da sauran amfani. Wanda ya riga ya kamu ma, allurar ba ta cetonsa. In an yi daidai, ƙarƙashin fata, kariyar takan kai shekara 3.

Tambaya: Muna kiwo kusa da dajin Waza. Barewa na ɗauka?

Amsa: Tana ɗauka, galibi daga awakinmu, ta mashaya ɗaya. In ka ga mushenta, janye garke ka gaya wa masu gadin daji.