Asid ɗin da takardar gwaji ba ta gani

Ka tambaye ni, ɗana, yadda aka yi muke cewa wannan ɗanyen mai yana da asid, alhali ka tsoma takardar gwajin pH, wadda ke sauya launi idan ta taɓa asid, a ciki ba ta nuna maka komai ba. Takardar ba ta yi ƙarya ba. Don ruwa aka yi ta, shi kuwa mai ba ruwa ba ne.

Fara da sanin abin da ke cikin gangar. Kusan duk nauyin ɗanyen mai kabon ne da haidirojin: kabon kashi 83 zuwa 87 cikin ɗari, haidirojin 10 zuwa 14. Ɗan abin da ya rage, wato farar wuta, naitirojin, oksijin da ɓurɓushin ƙarafa irin su nikel da banadiyam, shi ne ke hana mu barci a matatar mai. Asid ɗin da muke magana, wanda ake kira naftenik, a cikin wannan ɗan oksijin yake. Ya fi yawa a mai mai nauyi wanda ƙwayoyin cuta suka daɗe suna ci a ƙarƙashin ƙasa, kamar man Doba na Chadi da wasu na Benezuwela da Kalifoniya.

A ɗakin gwaji, ana ɗiga wa samfurin sinadarin KOH, wato potasiyam haidiroksaid mai kashe asid, har sai asid ɗin ya mutu. Yawan miligiram na KOH da giram ɗaya na mai ya cinye, shi ne lambar TAN. Ta haura 0.5, sai a fara sa ido.

To amma kada ka riƙe lambar nan kamar ita ce komai. A cikin tanki, da sanyinsa, asid ɗin ba ya yin wata ɓarnar a zo a gani. Sai zafi ya kai wajen digiri 220 zuwa 400 a ma'aunin Selshiyos yake tashi, musamman a bututun tanderu, da layin da ke kai mai hasumiyar tacewa, da gwiwar bututu inda mai ke bugawa da gudu. Kuma cinsa daban yake da na farar wuta. Ita farar wuta tana barin baƙin ɓawo a jikin ƙarfe, ɓawon ma har yakan ɗan kare shi. Shi kuwa asid narkar da ƙarfen yake yi ya tafi da shi cikin mai, ya bar wurin fes, sai ramuka masu kaifin baki. Kamar gara yake: daga waje lafiya lau, ciki ya rarake. Shi ya sa wani lokaci man da farar wutarsa ba ta da yawa ya fi cin bututu, duk da lambarsu ɗaya da wani, domin babu ɓawon da zai tare.

Magani uku muka sani. A gauraya shi da mai mara asid, a zuba sinadarin kariya mai fosfet, ko a sauya ƙarfen da ƙarfe mara tsatsa mai molibdinam irin 317L. Na ƙarshen ya fi tsada, amma ni shi na fi yarda da shi a wurin da zafi da gudu suka haɗu.

Gobe idan ka karɓi takardar ɗakin gwaji, ka nemi TAN na kowane kaso da aka tace, ba na ɗanyen kawai ba, domin asid yakan taru a kaso masu nauyi. Sannan ka ɗauki na'urar auna kaurin bututu, ka fara da gwiwoyi.