Mu ba 'yan takari ba ne, Yaya

Yaya, saƙonka ya iso, kuma na ga inda ka dosa. Wai ko mu da ke Makka har yanzu Hausawa ne, ko kuwa 'yan takari ne da suka ƙi komawa gida.

Kakanmu bai shigo da biza ba balle ta ƙare. Da Turawa suka ci Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, jama'a suka yi ta hijira gabas don kada su zauna ƙarƙashin Nasara, iyayensa na cikinsu. A Sudan ya tashi, ya yi ƙwadagon auduga a Jazira har ya tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin. Lokacin da ya sauka Hijaz ita kanta Saudiyyar jaririya ce, a 1932 aka haɗa ta. Ya yi ga-ruwa a Makka, ya yi aikin lambu a Wadi Fatima, wani kwarin noma tsakanin Makka da Jidda. Yakan ce a wancan zamanin da Balarabe da Bahaushe yunwa ɗaya ke cin su.

Fetur ne ya juya komai. An tono shi a 1938, amma kuɗinsa bai malale gari ba sai bayan 1973. Tun 1947 aka ja ruwan Wadi Fatima zuwa Jidda, gonaki suka yi ta ja baya, 'ya'yan manoma da na masu raƙuma suka kwararo birni neman aikin gwamnati. Mu ma muka bi sahu. Wanda kakansa ya karɓi takardar ɗan ƙasa, yau malamin makaranta ne ko soja ko ɗan ƙwallo. Osama Hawsawi, kyaftin ɗin Saudiyya a gasar kofin duniya ta 2018 a Rasha, namu ne, haifaffen Makka. Wanda kakansa ya ce ai shi gida zai koma, jikokinsa na nan suna fama da igama, wato takardar izinin zama. Har cikin dangi ɗaya akan sami wannan rabuwar.

Batun aure kuwa, muna yi da mutanen birni, zuriyar Jawa ta Indonesiya da Hadramaut ta Yaman da sauransu, waɗanda su ma aikin hajji ko kasuwanci ya kawo kakanninsu. Gidan da ke ji da ƙabila ne ba kasafai yake ba mu 'ya ba. Wani ya nemi ƙanwata, uwarsa ta zo ta ga gidanmu, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Sai dai ku ma ba ku bar mu ba: da na nemi aure a Kano cewa aka yi Balarabe ne, ba a san asalinsa ba.

Yarana Larabci ya fi musu sauƙi, wannan gaskiya ne. Da can unguwa ce ke koya wa yaro Hausa, a gidan suna da wajen mai tsire. Rusau ya cinye tsofaffin unguwannin, dangi sun warwatsu cikin benaye, kowa da ƙofarsa a rufe. Amma har yau babbar 'yata ba ta gaida kakarta a tsaye.

In Hajiya za ta taho Umara, don Allah ka tuna mata kuka da daddawa, ta nan tsada ga rashin ƙamshi.