Amsa: Yadda ake tsince da wanke kwanson harsashi mai yawa

Malam, ka ce an kawo maka buhun kwanson harsashi cikin kayan gwangwan a Panteka, kana tambayar yadda za ka wanke ka ware. Fara da tsincewa, wanki daga baya. Baza su a tabarma, ka duba ɗaya bayan ɗaya: duk wanda kansa ke ciki, ko gindinsa ba alamar dukan allurar bindiga, to mai rai ne, ka cire shi gefe, kada ya je kusa da wuta ko guduma. Sai ka bi saura da maganaɗisu. Na ƙarfe zai manne, na tagulla ba zai ko motsa ba, kuma shi ne mai kuɗin. Jiƙa tagullar a ruwan ɗumi da garin sabulu da ɗan lemon tsami, ka ɗauraye a rariya, ka shanya. Ka sa safar hannu, don baƙin nan na ciki akwai dalma.

Amma ni kafin duk wannan, takardar shaidar inda aka samo su zan nema. Dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera ko cika harsashi ba lasisi. A nan Kaduna aikin DICON ne, kamfanin ƙera makamai na gwamnati da ke Kakuri, tun 1964. Wani maƙwabcina an taɓa tare shi a shingen hanya da rabin buhu, ba shaidar inda ya samo. Kwana uku 'yan uwansa na zarya kafin a sake shi, buhun kuma bai sake ganinsa ba.