Ana iya maida wa masu zanga-zangar ƙiyayya martani da barkwanci?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce in wasu sun fito titi suna zagin wata ƙabila ko addini, shin a fito a tare su ko a yi musu dariya kawai. Ni dai ina bayan dariyar, amma mai tsari.

Dubi abin da mutanen Wunsiedel suka yi a Jamus a 2014. 'Yan Nazi sun saba zuwa garin duk shekara saboda a can aka taɓa binne Rudolf Hess, mataimakin Hitler, to sai mutanen gari suka ce duk mita ɗaya da 'yan Nazin suka taka za a ba da yuro 10 ga EXIT, ƙungiyar da ke taimakon masu son barin wannan aƙida, har ayaba aka ajiye musu a hanya wai su ƙara ƙarfi, suka gama tafiya an tara yuro 10,000 don yaƙar tafiyarsu. Ba wanda aka daka.

Mu nan Damagaram ai ba baƙon abu ba ne, wasan taubasai tsakanin Barebari da Fulani kullum muna ganin yana kashe faɗa a kasuwar Dole. Sai dai fa taubashi ya yarda da wasan, mai ƙiyayya bai yarda ba, shi ya sa a yi wa aƙidar ba'a, kar a taɓa addinin mutum ko iyayensa. Wanda ya ga tarzomar Janairun 2015 a garin nan kan zanen jaridar Charlie Hebdo ya san taro da fushi yadda suke ƙarewa. In za ku fito ku nemi izini tukuna, ku tsaya nesa da su, kuma in kun ga sun zo da sanduna ku koma gida ku bar jandarmomi da su.