Gonar farauta irin ta Texas a bayan Ɗa'if: za ta yiwu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara tara ke nan ina kula da gonar kafilina (mai gidan da ya ɗauki nauyin zamana a Saudiyya) a gabashin Ɗa'if, tumaki ne da raƙuma da 'yar istiraha, wato gidan hutu. Ya ga bidiyon wata gona a Texas ta Amurka: gidan gona a tsakiyar daji, an kewaye fili da waya, an zuba namun dawa na wasu ƙasashe, mafarauta na biya su harba. Yanzu ya ce haka zai mayar da tamu, kuma ni zan riƙe. Me zan gaya masa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ya gani gaskiya ne, sai dai bidiyo ba ya nuna ruwan sama. Yankin duwatsun tsakiyar Texas, inda irin waɗannan gonaki suka fi yawa, yana samun ruwa kimanin milimita 700 zuwa 800 a shekara. Riyadh kuwa wajen 100 take samu, filayen da ke gangarawa gabas daga Ɗa'if ma ba su fi ta da yawa ba. Can ciyawa ce ke ciyar da dabba, a nan aljihun mai gona ne.

Dokar ma daban take. Sama da kashi 90 cikin ɗari na ƙasar Texas mallakin mutane ne, kuma namun da aka kawo daga waje, kamar barewar Indiya ko maririn Sahara, ba su da lokacin hana farauta a gonar mai su. A Saudiyya Cibiyar Kula da Namun Daji ta Ƙasa ce ke ba da lasisi ta manhajar Fitri, ita ke sanar da lokacin farauta da abin da aka yarda a harba. Maririn Larabawa da barewar ƙasar nan an hana taɓa su, tarar kuma ba ta wasa ba ce. Riƙe su a gona ma sai da takarda. Kada ka yarda a sauke maka ko da barewa ɗaya ba ka ga takardar da idonka ba, don ranar bincike kai za a tarar a bakin ƙofa.

Amma abin da ya fi damuna shi ne wayar shingen. Dabbar hamada da ƙafa take rayuwa: ta hango hadari, ta bi shi kwana da kwanaki har ta iske ɗanyar ciyawa. Ranar da ka kewaye ta, cinta da shanta sun dawo wuyanka. Misalin yana kusa da ku. Gandun Mahazat as-Said, a gabashin Ɗa'if, ya haura murabba'in kilomita 2,000, an kewaye shi kaf, an saki mariri a ciki a 1990. Dabbobin suka hayayyafa, sai fari ya zo, mariri da barewa suka mutu da yawa saboda ba hanyar fita. Wannan fa gandun gwamnati ne mai likitoci da ma'aikata. To gonarku hekta nawa ce?

Idan ya ce zai noma barsim, ciyawar nan da ake nomawa don dabbobi, ka tuna masa tun ƙarshen 2018 aka taƙaita noman ɗanyar ciyawa a yankuna da dama don ceton ruwan ƙarƙashin ƙasa, saye kuwa kai ka fi ni sanin kuɗin dami. Sannan tumakinku da barewa suna ɗaukar wa juna cuta, ba za su sha a kwami ɗaya ba.

Da ni ne, sai in ce masa a keɓe wani ɓangare, a hana tumaki shiga har damina biyu, a ga abin da ƙasar ke fitarwa da kanta. Kafin nan ya je cibiyar ya ji irin dabbar da za a ba shi izinin kiwo. Istirahar kuma a gyara ta yanzu, masu neman wurin hutun ƙarshen mako ba sa jiran barewa.