Tambaya da Amsa: Na Sayi Na'urar Iska Marar Tiyo, In Cire Tsohon Ma'auni?

Tambaya: Malam, ina koyon nutso da tukunyar iska a baya. Na sayi ƙaramar na'urar nan da ke aika wa kwamfutar nutso da ake ɗaurawa a wuyan hannu yawan iskar da ta rage, ba tare da tiyo ba. In cire tsohon ma'aunina mai allura?

Amsa: Ɗan'uwa, bar shi a wurinsa. Ni ma ina nutso da ita, amma ma'aunin na nan maƙale a ƙuguna.

Na'urar ana ɗaura ta ne a kafar matsi mai ƙarfi ta regileta, wato abin da ke rage ƙarfin iskar tukunya don ka iya shaƙa, can bayan wuyanka. Bluetooth ba ya ratsa ruwa, don haka yawancinsu da sigina mai ƙaramin zango suke aiki, wanda bai cika wuce mita ɗaya ba. Ka miƙa hannu nesa, ko fitilar kyamara ta haska kusa, sai lambar ta ɓace na ɗan lokaci. Batiri kuma yana iya mutuwa kana cikin ruwa. Allura ba ruwanta da wannan.

Amfaninta dai babba ne. Da kallo ɗaya ka ga zurfi da iska, har kwamfutar ta lissafa maka mintocin da suka rage gwargwadon numfashinka.

Kafin ka shiga ruwa, buɗe tukunya a hankali, ka gwada lambobin biyu, na allura da na kwamfuta: cikakkiya wajen bar 200 take nunawa (da bar ake auna matsin iska). Ka tabbatar lambar na'urarka kwamfutar ke karantawa, ba ta abokin nutsonka ba. Ka fito da bar 50 a ajiye. Kuma ka sa wa na'urar gajeren tiyo tsakaninta da regileta, domin masu ɗaukar kaya kan cafke ta kamar mariƙi su ɗaga tukunya.